Sankarar mama: jiran da ake yi bayan an ji ƙullutu shi ke cinye matanmu

Assalamu alaikum Malam Edita. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Dan Allah ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar sankarar mama, wato kansar nono. Ni ungozoma ce, ina aiki a wajen awo da ɗakin haihuwa a wani ƙaramin asibitin gwamnati, kuma rana ba ta fitowa ta faɗi ban duba nonon wata ba, ko mai ciki ko mai jego ko wadda ta biyo ta ƙofar baya tace sista dan Allah zo ki gani.

Duk shekara in watan Oktoba ya kama sai ka ga an fito da riguna ruwan hoda, a yi tattaki a Abuja da manyan birane, a ɗau hotuna a watsa a Facebook, saƙon dai ɗaya ne, mata ku riƙa duba nononku. Abu ne mai kyau, kuma irin su gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu sun daɗe suna wannan wahalar, Allah ya saka musu. Amma abin da nake gani a bakin aiki shine matanmu fa suna jin ƙullutun nan. Wallahi suna ji. Mace tana wanka kullum, tana shayarwa, ba wanda ya kai ta sanin jikinta. In wadda ciwon ya riga ya yi nisa ta zo ka tambaye ta yaushe kika fara jin abin, sai tace ai tun kafin azumin bara, ko tace tun ina goyon wannan, ka waiga ka ga yaron da take nufi yana ta guje-guje a barandar asibiti. Toh wannan tsakanin, daga ranar da hannunta ya taɓa abin zuwa ranar da aka ɗebi ɗan naman aka kai gwaji, nan ne ake asarar rayuka, kuma nan ne ba a cika magana a kai ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mata kusan miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwon a duniya, 670,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai ƙiyasin shekarar ya haura mata 32,000 sababbin kamu, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000, kaga kusan rabi kenan, kuma ita ce kansar da ta fi kowace kama mata a ƙasar nan. A ƙasashen masu hali sama da 90 cikin 100 na masu ciwon suna nan da ransu bayan shekara biyar, a Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Mu kuwa yawancin matanmu sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa hannun likitan da ya dace, lokacin da abin ya riga ya kama fata ko ya shiga hammata ko ya tafi ƙashi da huhu da hanta. Kuma a nan ba sai tsofaffi ba, 'yan shekara talatin da wani abu da 'yan arba'in suna da yawa a ciki, mata masu ƙananan yara.

Bari in fara kwantar wa 'yan uwana mata hankali, dan tsoro ma yana cikin abin da ke zaunar da mutum a gida. Yawancin ƙullutun nono ba kansa ba ne. 'Yan mata da matasan mata suna yawan samun wani ƙullutu mai santsi, kamar roba, in kin taɓa shi sai ya zille ya gudu ƙarƙashin yatsa, likitoci na ce masa fibroadenoma, ba kansa ba ne, wani a bar shi ana lura da shi wani a cire. Akwai ƙullutun ruwa da ke zuwa ya tafi, akwai nauyi da tsamin nono duka biyun da ke zuwa gab da al'ada ya sauka in jini ya zo. Duk waɗannan muna ganinsu kullum. Sai dai hannu kaɗai ba ya rabewa, ko hannun likita ne, dole sai an haɗa da sikanin wani lokacin da gwajin nama, shi yasa ko me kika ji ki kawo a gani, in ba komai ba ne ki koma gida ki yi barcinki da daɗi.

Inda na fi so a tsaya a saurare ni shine wajen masu jego, dan nan ne fagena. Ciwon nonon mai shayarwa abu ne sananne, yawanci a makonnin farko bayan haihuwa. Yaro bai kama nono da kyau ba, kan nonon kawai yake tsotsa bai haɗa da baƙin da ke kewaye ba, sai kan ya tsage, uwa ta riƙa jin zafi ta fara gudun ba shi wannan ɓangaren, ruwa ya taru nono ya ɗaure ya yi tauri, daga nan sai ja da zafi da zazzaɓi da rawar sanyi. A nan sai tsofaffin gida su ce nonon ya lalace kar a ba yaro, alhali hana shi sha shi ke ƙara rura abin. Ki ci gaba da ba shi, a gyara masa kamu, in zazzaɓi ya wuce kwana ɗaya ko biyu ki zo asibiti a ba ki maganin da ya dace, in ya tara mugunya a zuƙe ta da allura ko a ɗan tsaga a wuri mai tsabta, ba a kira wanzami ya yi sakiya a tsakar gida da askar da ya gama yi wa wani aski ba. Wannan ciwon yana warkewa tas.

Amma ga tarkon. Mace a wajenmu tun daga aurenta har ta kusa daina al'ada, in ba ta da ciki tana goyo, in ta yaye sai wani cikin. Kenan duk ƙullutun da ya fito a waɗannan shekarun yana da abin da za a ɗora wa laifi, ruwan nono ne ya daskare, yaro ne ya yi gyatsa a kai, bari ki yaye zai narke. Ta yaye bai narke ba, kafin a yi wani tunani ciki ya shiga, a ce toh bari ki haihu. Haka ake cin shekara biyu. Gaskiya ne shayarwa tana rage haɗarin kansar mama, amma ragewa take yi ba ta hanawa, mai ciki tana iya kamuwa mai shayarwa ma haka. Akwai ma wani nau'i da ke zuwa ba ƙullutu, nono kawai zai kumbura ya yi ja ya yi zafi sak irin na mai jego. Dan haka ƙa'idar da nake ba mata ita ce, in an sha magani sati ɗaya zuwa biyu abu bai sauka ba, ko zafin ya tafi amma taurin yana nan daram, a daina canza kafso, a tafi sikanin. Sikanin nono ba ya cutar da ciki ba ya ɓata ruwan nono.

Maganar da ta fi ƙona min rai ita ce, ai sista ba ya ciwo. Mun saba sai abu ya hana mu barci muke kiransa ciwo, ita kuwa kansar mama a farkonta yawanci ba ta zafi ko kaɗan, ƙullutu ne mai tauri da ke zaune wuri ɗaya ba ya motsi sosai, yana girma a hankali. Wani lokacin fatar wajen ce za ta lotsa ciki, ko ta yi kauri da ƙananan ramuka irin na ɓawon lemo, ko kan nono da a da yake a tsaye ya fara nutsewa, ko jini ko ruwa ya riƙa fita da kansa daga kan nono ɗaya ba a matsa ba, ko kan ya riƙa ƙaiƙayi yana saɓa an shafa man ƙyasbi an gaji, ko kaluluwa ta fito a hammata ba tare da wani rauni a hannu ba kuma ta ƙi tafiya. Ko ɗaya daga ciki ya isa a zo. Lokacin duba kai kuwa Allah ya riga ya sauƙaƙa mana, ranar wankan tsarki bayan al'ada nono ya saki ba nauyi, ga sabulu a hannu, ki ɗaga hannu ɗaya sama ki bi nonon da tafin yatsu uku kina dannawa a hankali har cikin hammata da ƙasan ƙashin wuya, ba tsunkula ba, in kin fito ki tsaya gaban madubi ki kalla. Wadda ta daina al'ada ta ɗau rana ɗaya a wata, ko ranar da aka ga wata ma ya yi.

Toh ta ji, sai me? Yawanci sai ta yi shiru tukuna. In ta faɗa wa maigida sai ya biya kemis da daddare yace a ba shi maganin ciwon nono, mai kemis bai ga nono ba bai ga mai nono ba, ya ƙulla masa kafso da maganin kashe zafi a leda. Daga nan sai a koma na gargajiya, kuma da zarar wani ya furta cewa daji ne shikenan an rufe ƙofar asibiti, dan kowa ya san maganar da ake yi, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu.

Ni ban raina masu wannan maganar ba, na san daga inda ta fito. Sun ga an kai wance asibiti an yanke nono, bayan wata huɗu an yi jana'izarta, sun ga haka ba sau ɗaya ba. Abin da ba su gani ba shine wancen ta shekara biyu tana shafe-shafe a ɗaki kafin a kai ta, ciwon ya riga ya tafi huhu tun kafin likita ya ɗau wuƙa. Sai laifin jinkiri ya koma kan tiyata, ta gaba kuma ta ƙara jin tsoro ta ƙara daɗewa a gida, haka abin ke ta zagayawa. Allurar da ake ɗebar ɗan nama da ita ba ta watsa kansa, kuma gwajin naman shi kaɗai ne hanyar tabbatar da ko kansa ce ko ba ita ba, da kuma wane iri ce, dan ba duka ake yi wa magani ɗaya ba. Waɗanda suka warke kuma ba sa tallar kansu, mace an cire mata nono shekara goma tana nan tana harkokinta cikin hijabinta ba wanda ya sani sai mijinta. Ga Betty Anyanwu-Akeredolu, matar marigayi tsohon gwamnan Ondo, a 1997 aka same ta da kansar mama aka yi mata aiki, a shekarar ta kafa ƙungiyar yaƙi da kansar mama mai suna BRECAN, ta yi shekaru tana faɗa da bakinta. Irinta muke nema a Arewa, masu fitowa su ce ga ni.

Akwai wata baiwar Allah da aka kawo mana da yamma, tun daga bakin ƙofa ƙamshin turaren wuta da humra ya riga ta shigowa, ta lulluɓa da zannuwa a kan hijabi ga zafi ana yi. Da muka shiga ɗaki na rufe ƙofa ta buɗe sai na gane turaren na mene ne. An lafta wani baƙin haɗi a kan gyambon an rufe da ganye an ɗaure da tsumma, da na zo ɗaye ganyen da ruwan gishiri sai jini ya biyo. Ƙanwarta tace sun sayar da akuyoyinta da gadonta na aure wajen mai maganin, kullum cewa yake ai fashewar da ya yi alama ce dafin yana fita. Ita kuwa abin da ta tambaye ni kawai, sista in an kwantar da ni wa zai riƙe min yaran. Kuɗin da suka kashe a wannan hanyar da ya kai su asibitin koyarwa ya yi sikanin da gwajin nama tun abin yana ɗan ƙarami.

Mu ma ma'aikatan lafiya akwai namu kason, kuma ba ƙarami ba ne. Mace za ta daure ta zo da wuri, sai a ƙaramin asibiti a rubuta mata antibayotik ba a ko ɗaga rigarta ba, ta dawo a canza wani. Wanda ya fi wannan muni, a wasu wuraren a shiga da ita tiyata a cire ƙullutun a nuna wa miji a cikin roba a ce ga shi an rabu da shi, a jefar, ko a ba shi a kwalba a ce ya kai gwaji wani gari ba a yi masa bayanin muhimmancin abin ba, shi kuma ya ga ai an gama ya je ya binne. Bayan wata shida abu ya dawo a kan tabon ya fi na da. Dan Allah jama'a, duk naman da aka cire daga nono, komai ƙanƙantarsa, sai an kai shi ɗakin gwaji an duba, kuma ku bi sakamakon ku karɓa a takarda, haƙƙinku ne. In likita bai kawo maganar ba ku ku kawo.

Sai ku iyayenmu maza. Da yawan mata ba ciwon suke tsoro ba kamar abin da zai biyo bayan cire nonon, za a juya mata baya, za a yi mata kishiya, kishiyar da ke nan za ta samu abin gori. Kalma ɗaya daga bakin miji, tashi mu je, ko me aka ce ina tare da ke, tana iya rage wata shida na jinkiri. In matsalar likita namiji ce ku nemi mace, akwai su, in ba a samu ba kuma malamai sun sha faɗa cewa lalura ce. Ciwon nan ba a ɗaukarsa, ba a cin kwano ɗaya ko kwanciya a same shi, ba sammu ba ne, ba kuma ajiye kuɗi ko waya a bireziya ke kawo shi ba. Kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. In dai akwai uwa ko 'yar uwa ko 'ya da ta yi kansar mama ko ta ƙwan mace a gida toh a faɗa wa likita a fara lura da wuri. Kuma ku ma maza yana kama ku, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon maza ne, in ka ji tauri a bayan kan nononka kar kunya ta hana ka.

Na san za a ce sista kin iya faɗa, kuɗin fa? Gaskiya ne maganin kansa akwai tsada, ga tiyata ga kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ga gashi, wato ƙona ciwon da hasken inji, wata kuma ta sha ƙwaya irin tamoxifen shekara biyar ko fiye, injinan gashi kuma 'yan kaɗan ne a ƙasar, mutum sai ya taso daga ƙauyensa zuwa Shika a Zariya ko Sakkwato ko Abuja ya bi layi. 'Yan uwanmu na Nijar ma sai a 2021 aka buɗe musu wajen gashi a Yamai. Amma tsadar tana ƙaruwa ne da nisan ciwon, wadda ta zo da wuri wani lokacin ko nonon ba a cirewa duka. Kuma akwai asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da aka fara da asibitoci shida, a cikinsu akwai asibitin koyarwa na ABU Zariya da na Gombe da babban asibitin ƙasa na Abuja, yana ɗaukar kansar mama da ta bakin mahaifa da ta maza da ake kira prostate ga marasa hali, amma in ka tambayi mata goma a layin awo da wuya ka samu wadda ta taɓa jin labarinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a shirinta na 2021 ta sa ma'auni cewa daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti da ƙorafin nono zuwa ranar da za a gama bincike a faɗa mata abin da ke damunta kar ya wuce kwana 60. Wannan ma'aunin nake so kwamishinonin lafiya na jihohinmu su ɗauka su auna kansu da shi. Ana ta kiran a sayo injin mamogiram mai ɗaukar hoton nono dan gano ciwon tun hannu bai ji shi ba, eh yana da amfani musamman ga wadda ta kai 40, amma a halin da muke ciki matar da ƙullutu ya riga ya cika mata hannu ma ba ta samu an duba ta ba. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci duba nono da hannu yadda ya kamata, a sa shi cikin awo da ranar rigakafin yara tunda matan suna zuwa da ƙafarsu, a ware rana ɗaya a sati a kowane babban asibiti ta masu ƙorafin nono da mai sikanin a zaune, sannan gwamnati ta ɗau nauyin kai naman gwaji asibitin koyarwa da dawo da sakamako, maimakon a miƙa wa talaka kwalba a ce ya nemi mota.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, ina da roƙo biyu. Na farko ku aika wakilanku su zagaya su buga mana a fili, jiha jiha, wane asibiti ake sikanin nono, ina ake gwajin nama, nawa ne, wace rana ake ganin likita, ta ina ake neman tallafin nan, ku sa a shafinku na intanet yadda za mu tura a guruf-guruf na WhatsApp, ni da kaina zan lika a bangon ɗakin awo. Na biyu, masu tallar maganin daji sha yanzu magani yanzu a rediyo da TikTok da lasifika a kasuwa, har da masu cewa kar a yarda a je asibiti, ku daina karɓar tallarsu, ku kuma tambayi NAFDAC da hukumomin lafiya na jihohi wa ya ba su izini.

Na gode da wannan fili, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu.

Taku,
Wata ungozoma, daga jihar Kano.